Yadda ake bin sawun ayarin abokin gaba a OGame da manhajar taimako

A OGame, wasan yaƙin jiragen sararin samaniya na intanet, ba a kama ayarin jiragen mutum a inda yake ajiye, sai dai idan mai shi sabon shiga ne ko kuwa barci ya sace shi. Duk wanda ya kwana biyu a wasan ya san kafin ya rufe kwamfuta sai ya tashi jiragensa sama, domin ayarin da ke cikin tafiya babu mai iya taɓa shi. Shi ya sa farauta a nan lissafin lokaci ce: yaushe ayarin ya tashi, ina ya nufa, a wace daƙiƙa zai sauka. Manhajar taimako ba ta gano maka ayari da kanta. Littafin ajiya ce, tana riƙe abin da idonka da idon abokan ƙawancenka suka gani, da lokacin da suka gan shi. Wanda ya ɗauke ta a haka zai ci moriyarta sosai.

Wasan ya fito a 2002, kamfanin Gameforge na birnin Karlsruhe a Jamus ke tafiyar da shi, kuma a cikin burauza ake buga shi. Adireshin kowace duniya lamba uku ne: galaksi, sistem (rukunin duniyoyi), da gurbin duniyar a cikinsa. Yawancin sabobi, wato rassan wasan da kowane ke da nasa 'yan wasa, suna da sistem 499 a kowane galaksi, gurbi 15 a kowane sistem. Ka riƙe wannan, duk lissafin da ke tafe a kansa yake.

Kayan aiki da yadda ake ɗora su

Abu uku kake buƙata. Na farko manhajar da ke zama cikin shafin wasan, kamar OGLight, OGame Infinity ko AntiGameReborn. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta tukuna, domin idan ka ɗora biyu ko uku lokaci guda sukan yi karo a shafin galaksi, wata ta rufe abin da wata ta rubuta. OGLight sai ka fara sa Tampermonkey, wani ƙari da ke gudanar da irin waɗannan manhajoji, a burauza sannan ka ɗora ta a ciki. Mai buga wasa a wayar Android ya yi amfani da Firefox, ita ce ke karɓar Tampermonkey, Chrome ta waya ba ta karɓa. Na biyu rumbun ƙungiya, wanda ya fi shahara shi ne PTRE. Shugaban ƙungiya yana buɗe rumbu, a ba shi mabuɗi, kowane ɗan ƙungiya ya liƙa mabuɗin a saitin manhajarsa. Daga nan rahoton leƙen asiri da alamun motsi da kowa ya gani suna taruwa wuri guda. Mabuɗin nan sirri ne. Idan wani ya bar ƙawance, a canza shi a ranar, in ba haka ba duk abin da kuka tara yana hannun wanda ƙila gobe shi za ku kai wa hari. Na uku manhajar gwajin yaƙi irin TrashSim, wadda ake ba lambar rahoto, mai farawa da sr, ta nuna yadda karon zai kaya.

Kafin ka ɗora komai, ka tabbata yana cikin jerin manhajojin da Gameforge ta amince da su. Ƙa'idar a sarari take: kowane aiki sai hannunka ya danna. Manhajar da ke sabunta shafi da kanta, ko ta aika jiragen leƙen asiri ba ka wurin, ko ta kaɗa maka ƙararrawa idan an kawo hari kana barci, duk haramtattu ne, kuma hukuncinsu rufe asusu. Shekara biyu na gini ba abin sayarwa ba ne a kan wannan.

Kowane bayani da shekarunsa

Manhajojin suna jan wasu bayanai daga fayilolin da sabar ke saki a fili, kuma ba tare ake sabunta su ba. Jadawalin maki duk awa guda ne, jerin sunayen 'yan wasa kullum, amma taswirar duniyoyi sai mako-mako. Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Manhaja ta nuna maka mutum yana da duniya tara da wata uku (watan da ke zagaya duniya), alhali kwana huɗu da suka wuce ya sami wata na huɗu, kuma can yake kwantar da ayarinsa. Maganin shi ne ka bi adireshinsa ɗaya bayan ɗaya a shafin galaksi da hannunka. Duk sistem ɗin da ka buɗe, manhajar tana gyara abin da ta riƙe.

Jadawalin makin soja shi ne ke fara gaya maka ko akwai abin farauta. Maki ɗaya daidai yake da dukiya 1,000 da aka kashe, kuma makin ba ya raguwa don jirage suna sama. Idan makin mutum ya yi yawa, ka leƙa duniyoyinsa duka ka tarar da 'yan bindigogin tsaro kawai, to ayarin yana cikin tafiya. Ka cire darajar tsaron da ka gani daga makin, abin da ya rage shi ne kimanin girman abin da kake nema. Adadin jirage da jadawalin ke nunawa kuwa kada ya ruɗe ka, jiragen leƙen asiri dubu biyar ma adadi ne.

Tauraron motsi

A shafin galaksi, duniya ko watan da aka yi motsi a kansa cikin minti 15 da suka wuce yana ɗauke da ɗan tauraro. Bayan minti 15 sai tauraron ya koma lamba, tana ƙirga mintuna har awa ta cika, sannan ta ɓace. PTRE na tara waɗannan alamu ta jera su awa-awa. Idan mutum huɗu suka rika leƙa adireshin mutum ɗaya tsawon mako, za ku ga lokacin kwanciyarsa, lokacin tashinsa, da watan da ya fi taɓawa daf da zai kwanta. Wannan wata na ƙarshe shi ne tashar ayarinsa, goma tara.

Amma tauraron ba ya nufin mutum yana zaune gaban kwamfuta. Saukar jirgi na kunna shi, harin wani na kunna shi, kuma ɗan leƙen asirinka ma na kunna shi. Wannan na ƙarshe ya ɓata wa ƙungiyoyi da yawa jadawali: wani ya leƙa ƙarfe uku na dare, wani ya zo bayan minti biyar ya ga tauraro, rumbu ya rubuta cewa mutumin ba ya barci. Ku yi doka a tsakaninku, a fara duba galaksi kafin a aika leƙe, kuma mutum ɗaya ne ke leƙa wanda ake fako. Alamar da ta fi gaskiya ita ce taurari su kunnu a duniyoyi da dama ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan mintuna. Wannan hannun mutum ne yana zagaya gidajensa.

Leƙe ba tare da tayar da ƙura ba

Abin da rahoto zai nuna ya dogara da adadin jiragen leƙen da ka aika da bambancin matakin fasahar leƙen asiri tsakaninku. Idan matakinku ɗaya, jirgi 1 zai nuna dukiya, 2 su nuna ayari, 3 tsaro, 5 gine-gine, 7 bincike. Idan ya fi ka, sai ka ninka bambancin da kansa ka ƙara a kai. Wanda ya fi ka mataki 3, sai ka ƙara 9, wato jirage 16 kafin ka ga bincikensa. Binciken nan shi ne kan gaba, domin a ciki matakan injunansa suke, kuma babu lissafin tafiya sai da su. Ka samo shi sau ɗaya daga wata ƙaramar duniyarsa da ba ya damuwa da ita, tunda bincike ɗaya ne a duk daularsa. Kowane leƙe yana aika masa saƙo da sunanka da adireshinka. Wanda ya farka ya tarar da saƙo ashirin daga sistem ɗin da ke maƙwabtaka da shi zai canza lokacin saukarsa a daren, makon da kuka yi kuna fako ya tafi a banza.

Falans

Falans na'urar hange ce da ake ginawa a kan wata kaɗai, kuma ita ce idon da wanda ake kallo ba ya jin an kalle shi. Wata yana samuwa daga tarkacen yaƙi: kowane 100,000 na tarkace kashi 1 cikin 100 ne na sa'a, iyakarsa kashi 20. Matakin farko na falans yana cin ƙarfe 20,000, kiristal 40,000, diyuteriyom (man jirage) 20,000, kuma kowane mataki yana ninka na baya. Nisan hangensa kuwa ka ninka matakin da kansa ka cire ɗaya: mataki 1 sistem ɗinka kawai, mataki 3 sistem 8 kowane ɓangare, mataki 5 sistem 24, mataki 7 sistem 48. Ba ya tsallaka galaksi.

A kula da filin gini. Sabon wata fili ɗaya gare shi, kowane matakin sansanin wata yana ba da uku ya cinye ɗaya. Sansani mataki 2 zai bar maka fili biyar, kuma idan ka zuba falans 5 a ciki ka toshe watan, babu inda za ka ɗora sansani na gaba. Kullum ka bar fili ɗaya.

Kowane hange yana cin diyuteriyom 5,000 daga kan watan, sabunta tagar ma wani 5,000 ne. Ka ajiye 100,000 a can kafin ranar farauta, hange ashirin ke nan. Abin da zai nuna maka: jiragen da suka tashi daga duniyar da ka haska ko suke nufarta, irinsu, yawansu, da daƙiƙar isarsu. Abin da ba zai nuna ba ya fi muhimmanci. Ba a haska wata. Tafiya daga wata zuwa wata ba ta fitowa, haka daga wata zuwa filin tarkace, haka tsallake ta ƙofar tsalle, ginin da ke kai jirage daga wata zuwa wata nan take. Ayarin da aka aika ƙaura zuwa wata duniya sannan aka kira shi ya juyo yana ɓacewa daga falans gaba ɗaya. Idan ka ga babban ayari a kan tafiyar ƙaura, kada ka yi saurin murna, mai shi na iya juya shi kana tsakiyar hanya.

Wanda ya tashi daga duniya zuwa hari ko jigila ko kwasar tarkace, shi kam ya shiga hannu. Falans zai ba ka daƙiƙar dawowarsa, ka rubuta ta da agogon sabar da ke saman shafi. Kada ka yi aiki da agogon wayarka. Sabar da ke bin lokacin Jamus tana daidai da Najeriya da Nijar daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watannin tana gaba da awa guda.

Idan ayarin daga wata ya tashi

Nan ne gwaninta take, nan ne kuma rumbun ƙungiya ke biyan wahalarsa. Ba ka ganin ayarin, amma kana ganin sawunsa, sai ka lissafa.

Nisa tukuna. Cikin sistem ɗaya, 1,000 ne a ƙara 5 sau bambancin gurbi. Tsakanin sistem biyu, 2,700 a ƙara 95 sau bambancinsu. Tsakanin galaksi, 20,000 kowane ɗaya. Daga duniya zuwa watanta, 5 kacal. Sai gudu: ayari yana tafiya da gudun jirgin da ya fi kowa nauyin ƙafa. Injin ƙona mai yana ƙara kashi 10 cikin 100 na asalin gudu a kowane mataki, injin imfols kashi 20, injin haifasifes kashi 30. Lokacin tafiya a cikakken gudu kuwa: ka ninka nisa da 10, ka raba da gudu, ka ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito, ka ninka da 3,500, ka ƙara 10. Abin da ka samu daƙiƙu ne, sai ka raba da saurin jirage na sabarku.

Ga misali a saba mai saurin ɗaya. Watan mutumin yana 3:120:8, kuma kun lura filin tarkace a 3:135:6 yakan ɓace da asuba. Mutane da yawa haka suke ɓoye ayari, su haɗa shi da jirgin jari-bola su tura kwasar tarkace. Nisa 2,700 da 95 sau 15, wato 4,125. Asalin gudun jari-bola 2,000 ne, injin ƙona mansa mataki 12, gudu ya zama 4,400. A cikakken gudu tafiyar daƙiƙa 10,727 ce, awa 2 da minti 58 da daƙiƙa 47. A kashi 50 na gudu awa 5 da minti 57 da daƙiƙa 23. A kashi 40 awa 7 da minti 26 da daƙiƙa 41. A kashi 30 awa 9 da minti 55 da daƙiƙa 32.

Wanne ya zaɓa? Rumbu ne zai faɗa. Motsi na ƙarshe a watan ya kasance wajen 23:10, ɗan ƙungiyar da ke gadi ya ga tarkacen ya ɓace 06:36:41. Tsakani awa bakwai da minti ashirin da shida ne, kashi 40 ke nan, babu wani da ya yi kusa. Dawowa tsawonta ɗaya da zuwa, don haka ayarin zai sauka a watan 14:03:22. Mai gadin nan sai ya zauna yana sabunta shafin galaksi da hannu a mintunan da ake sa rai, domin daƙiƙar ɓacewar ita ce ginshiƙin lissafin duka. Idan tsakanin dubawa biyu ya bar daƙiƙa goma, kuskurenku ma daƙiƙa goma ne. Haka ake yi idan ya kai hari daga wata zuwa duniyar da falans ɗinka ke kaiwa: ka haska duniyar da zai kai wa harin, ka ga daƙiƙar isarsa, ka ƙara tsawon tafiya.

Abubuwan da ke rusa wannan lissafi sanannu ne. Mafi yawa tsohon rahoto. Da mutumin ya ɗaga injinsa zuwa mataki 13 bayan leƙenka, tafiyar cikakken gudu ta koma daƙiƙa 10,491, bambancin kusan minti huɗu, kuma a kashi 40 ya doshi minti goma. Jari-bola yana komawa injin imfols idan imfols ya kai mataki 17, ya koma haifasifes idan haifasifes ya kai mataki 15, asalin gudunsa ya canza gaba ɗaya. Tun 2019 akwai ajin ɗan wasa: Janar yana samun ƙarin gudu a jiragen yaƙi da na jari-bola, kuma yana iya zaɓar gudu biyar-biyar, kamar kashi 35 ko 45, maimakon goma-goma. Binciken halittu da aka shigo da shi a 2022 shi ma yana ƙara wa jirage gudu. Ƙaton jirgin nan da ake kira Tauraron Mutuwa, mai asalin gudu 100, guda ɗaya a cikin ayari yana mayar da tafiyar awa uku ta wajen awa goma. Sannan saitin sabar: wasu zagaye suke, sistem 499 na maƙwabtaka da sistem 1, wasu kuma ba sa ƙirga sistem ɗin da babu kowa a ciki. Na'urar lissafin tafiya ta manhajarka tana ɗauke maka yawancin wannan idan ka ba ta sabon rahoto, amma ka gwada ta da tafiyar da ka riga ka san tsawonta kafin ka dogara da ita. Hanya mafi aminci ita ce ku bar shi dare ɗaya ko biyu ba ku taɓa shi ba, ku lissafa, ku ga ko tauraro ya kunnu a watan a mintin da kuka ce. Idan ya kunnu, lissafinku ya tsaya.

Idan duk wannan ya gagara, akwai rusa watan da Tauraron Mutuwa. Watan na faɗuwa, ayarin da ke sama zai koma duniyar da ke gurbin, falans ya gan shi. Aikin manya ne, kuma akwai yiwuwar rasa jiragen da aka aika.

Saita naka harin

Kana so ka sauka daƙiƙa biyu zuwa uku bayansa. Idan ka riga shi, fili za ka tarar, ya sauka bayanka lafiya ya karanta rahoton. Idan ka yi jinkirin rabin minti kuma yana zaune, ya isa ya sake tashi. Shafin aika jirage yana nuna lokacin isa yana tafiya da daƙiƙa, ka shirya komai ka tsaya a maɓallin ƙarshe. Idan intanet ɗinka na jan ƙafa, ka auna jinkirinsa da aiken gwaji biyu ko uku zuwa duniyarka kafin lokacin.

A sabar da ke da harin haɗin gwiwa akwai dabara mai kyau. Ka tashi da ɗan wuri, ka buɗe haɗin gwiwa, sannan ka shigar da jirgi ɗaya da zai isa daidai daƙiƙar da kake so. Ayarin duka zai jira shi. Jinkirin ba zai wuce kashi 30 cikin 100 na lokacin da ya rage ba, kuma jinkirtawa kawai ake yi, ba a gaggautawa. Wannan na ba ka damar gyara kuskure idan hangen ƙarshe ya nuna wani abu dabam.

Kada ka manta da jari-bolanka, domin ribar a tarkace take. A asalin saitin wasan kashi 30 na ƙarfe da kiristal ɗin jiragen da aka farfasa ke zama tarkace. Jirgin yaƙi Batilshif ɗaya ƙarfe 45,000 ne da kiristal 15,000, tarkacensa 18,000. Guda 500 za su bar miliyan 9, kuma jari-bola ɗaya 20,000 yake ɗauka kafin ƙarin fasaha, wato kana buƙatar 450, ban da tarkacen naka jiragen. Su masu jan ƙafa ne, sau da yawa sai sun riga ayarin yaƙi tashi, su isa 'yan daƙiƙu bayan karo.

Minti biyar kafin isa, ka sake hange, ka duba galaksi, ka leƙa watan da ke gurbin idan duniya kake kai wa hari. Wani lokaci ayarin da ka gani a falans tarko ne. Batilshif mai injin haifasifes mataki 10 yana sauka daga wata zuwa duniyarsa cikin daƙiƙa 134, kuma ƙofar tsalle na iya cika watan da jirage cikin ƙiftawar ido ba tare da falans ya ga komai ba. Idan ka ga sabon tauraro a watan da ba ku kuka kunna ba, ko falans ya nuna jiragen abokansa suna tahowa tsaro, ka sa sabon adadin a TrashSim nan take. Idan gwajin bai ba ka nasara a sarari ba, ka kira ayarinka ya juyo, ka kuma tuna cewa idan daga duniya ka tashi, falans ɗinsu yana ganin daƙiƙar da za ka sauka gida.